Ƙofofi Huɗu da Ƙuri'a Ta Raba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban wannan zama, masu girma 'yan majalisar birni da ke zaune dama da hagunsa, malama mai tsara birni wadda ta tsaya da ƙafafunta tun hantsi tana yi mana bayani, injiniyoyin da suka zo tare da ita, wakilin kamfanin da zai yi ginin, iyayena mata da suka sauke tukunya suka taho, 'yan'uwana masu kwasar kaya da suka ajiye motocinsu yau suka haƙura da aikin yini, maƙwabtana na layin da za a rushe, da wanda ya shigo don ya ji, da wanda ya shigo don an ce masa ya shigo: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku fatan alheri.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali sunana ne na ƙarshe a takarda kuma na ga wasu sun fara duba agogo. Ina gode wa malama, domin ta yi magana da harshen da muka gane, ba ta ɓoye mana komai a bayan manyan kalmomi ba. Abin da zan faɗa ba zai yi mata daɗi ba, amma ina so ta sani tun yanzu cewa ban ɗauke ta maƙiyiya ba.

Ni ba injiniya ba ne, ban kuma iya karanta taswira ba sai an nuna mini da yatsa. Shekara ashirin da shida ke nan da na sauka a garin nan da jaka ɗaya, daga ƙasar da sai an yi kwana biyu a hanya ake isa. Sana'ata kwasar kaya. In mutum zai tashi daga gida, ni ake kira: in kwance gado, in naɗe katifa, in ɗaure tukwane, in sauko da su daga bene a gadon bayana, in kai su inda aka ce. Yau ni ke jagorantar ƙungiyarmu, mutum talatin da ɗaya da motoci tara. Don haka, ranka ya daɗe, ku kuna da taswirar inda gine-gine za su tsaya, ni kuma ina da labarin inda mutane ke zuwa bayan an tashe su, domin ni nake kai su.

Malama ta ce sabunta birni yana da fuskoki huɗu: gini, da tattalin arziki, da muhalli, da zaman jama'a. Na riƙe su a kaina kamar yadda ta jera su, kuma a kansu zan bi.

Fuska ta farko, gini. A nan ba ni da ja. Gidan da muke ciki ya mutu, kuma duk wanda ya tashi a zauren nan ya ce lafiyarsa lau, ƙarya yake yi, ko da maƙwabcina ne. Bangon ɗakin girkinmu ya tsage har ina iya zura hannu. In an yi ruwa, maiɗakina takan jera bokiti uku da baho a tsakar ɗaki. Wayoyin lantarkin da ke matakala, ni kaina da nake hawa da kaya sai na karkata kafaɗa nake wucewa. A rushe shi. Ban zo roƙon a bar mana ruɓaɓɓen bango ba. Sai dai ina so injiniyoyi su ji wani abu da takarda ba za ta gaya musu ba. Rukunin gidajen wucin gadi da za a kai mu, na shiga kowane bene a cikinsu da kaya a kaina. Matakalar tana da kwana biyu masu matsi, gadon ƙarfe ba ya juyawa a ciki. Ƙofar ɗaki ta fi sif ɗin kaya ƙanƙanta da faɗin tafin hannu. Na ga mace ta zauna a bakin titi kusa da sif ɗin da uwarta ta bar mata, tana kallon mu muna ƙoƙari har la'asar, daga ƙarshe ta ce a kawo zarto. Na'urar hawa bene kuwa, tun shekarar da aka buɗe gidajen take ɗauke da takarda a ƙofarta cewa ana gyara. Takardar ta koɗe, an sake wata.

Fuska ta biyu, tattalin arziki. An nuna mana hoton shaguna masu gilashi a ƙasan sabon ginin, an ce za a samu ayyuka ɗari uku. Allah ya sa. Amma akwai ayyukan da suke nan yanzu, waɗanda ba a ɗauki hotonsu ba. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tela ce, mijinta ya rasu, da keken ɗinki ɗaya ta ciyar da 'ya'ya uku har babbar ta gama makaranta. Masu kawo mata ɗinki duk da ƙafa suke zuwa, daga layinmu da layin baya. Inda za a kai ta, sai an hau mota biyu, a sauka a tasha ta ƙarshe, a taka. Wa zai hau mota biyu don a rage masa ƙafar wando? Da na gaya mata haka, dariya ta yi, ta ce ai sai in riƙa ɗauko mata masu ɗinkin a bayan mota kamar katifu, tunda ba ni da aikin yi sai dogon tunani. Ta yi dariyar, amma tun ranar ba ta karɓi ɗinkin da zai wuce sati ba.

Fuska ta uku, muhalli. Itatuwa, da filin wasan yara, da magudanar ruwa da ba ta toshewa. Wannan duk mun so, mun fi kowa so, mu da kwata ke bi ta ƙofarmu. Tambayata ɗaya ce: wa zai zauna a inuwar itatuwan? Shekara tara da suka wuce aka sabunta unguwar bayan tasha. An gaya wa mutanenta abin da aka gaya mana yau, cewa tashin na wucin gadi ne, wata goma sha takwas su dawo. Mu muka kwashe su, gida ɗari biyu da 'yan kai. Ranka ya daɗe, duk wanda zai dawo, mu zai kira, domin mu ya sani. Gida goma sha ɗaya muka dawo da su. Goma sha ɗaya. Sauran, wasu sun tarar da hayar sabon ginin ta fi ƙarfinsu, wasu an ce ba a ga sunansu ba, wasu sun mutu suna jira. Unguwar ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, ina wucewa ta nan kullum. Ban taɓa ganin fuskar da na sani a ƙarƙashin itatuwanta ba.

Kuma kada in tsaya a nan kamar mai hannu tsarkakakke. A wancan lokaci na ga abin da ke faruwa, na yi shiru. Aiki ne ya zo, na ce ni baƙo ne, baƙo ba ya shiga maganar masu gari. Na ɗauki gadajen mutane ina yi musu barkwanci a hanya don kada su yi kuka a motata. Wannan laifin nawa ne, ba na majalisa ba, kuma shi ya hana ni zama a kujera yau.

Fuska ta huɗu, zaman jama'a. Malama ta ba ta minti biyu a ƙarshen bayaninta. Ni a kanta na zo, don haka ku yi mini haƙuri in daɗe.

A ƙasan benenmu akwai ƙofofi huɗu da ke kallon tsakar gida ɗaya. Tawa, da ta tela da na ambata, da ta wani direban tasi da iyalinsa, sai ta huɗu, ta wani dattijo da duk layin ke kira Baba mai aski. Shi ma baƙo ne kamar ni, ya riga ni zuwa da shekara ashirin. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, danginsa na can inda ya baro su, in ma akwai sauran masu tuna shi. Lokacin da na iso garin nan ban san kowa ba, a kan bencin shagonsa na yi wata huɗu, shi ya nuna mini inda ake tsayawa a samu dako. Rabin mazan da ke zauren nan daga layinmu, shi ya yi musu askin farko.

Shekara shida da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun askin ne ya tafi, da ƙafa, harshe ma ya yi nauyi. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya rubuta komai. Abin ya tsaru ne da kansa. Ni nake ɗaga shi da safe kafin in fita, in yi masa wanka, in zaunar da shi a kujerarsa, tunda ɗaukar nauyi sana'ata ce. Maiɗakina ke kai masa abincin rana, matar direba na yamma. Tela ta matsar da kekenta bakin taga inda za ta riƙa hango ƙofarsa, in ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu ta san yana son ruwa, in ya buga sau uku ta san rediyo ce ta ɓata masa rai. Ita ke wanke masa kaya. Direba ke kai shi asibiti duk ranar Alhamis, ya jira shi, ya dawo da shi. Makullin ɗakinsa guda uku ne, kowane gida da ɗaya. Ba za mu ce ba ma gajiya ba. Muna gajiya, har faɗa muna yi a kansa. Shi ma ba mai sauƙin hali ba ne: ni nake masa aski yanzu, kuma bai taɓa barin na gama ba tare da ya ce mini hannuna na ɗaukar firji ne ba na riƙe aska ba. Amma shekara shida bai taɓa yini da yunwa ba, bai taɓa samun gyambon kwanciya ba, kuma birnin nan bai kashe masa ko gado ɗaya na asibiti ba.

Sai ma'aikatanku suka zo da takardar ƙidaya. Sun yi aikinsu da ladabi, ban ga laifinsu ba. Takardar ta tambayi mutum nawa ke kwana a ɗaki, da shekarunsu, da faɗin ɗakin. Ba ta tambayi wa ke riƙe da makullin wa ba. Aka rubuta Baba: mutum ɗaya, gida ɗaya. Aka rubuta mu gidaje uku dabam. Daga nan aka ce za a raba gidajen wucin gadi ta hanyar ƙuri'a, don kada a ce an fifita wani.

Na fahimci dalilin ƙuri'ar, kuma ina girmama shi. Na san abin da aka yi a rabon baya, yadda masu sanayya suka kwashe ɗakunan ƙasa aka bar marasa kowa da hawa na shida. Wanda ya kawo shawarar ƙuri'a adalci ya nufa. To ga abin da adalcin ya haifa. Ni da maiɗakina mun faɗa rukunin gabas. Direba ya faɗa na arewa. Tela ta faɗa na yamma, gini na biyu. Baba ya faɗa na yamma shi ma, amma gini na bakwai, hawa na biyar, a ginin da na'urarsa ke ɗauke da waccan takarda. Tsakanin ƙofata da tasa yanzu taku shida ne. Daga wata mai zuwa awa ɗaya da rabi ne, in hanya ta yi kyau.

Na je ofis sau uku. A na ukun aka haɗa ni da wani jami'i, mutumin kirki, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ƙuri'a ba a taɓa ta, in aka taɓa ta don mutum ɗaya sai kowa ya zo da tasa hujjar. Ya tambaye ni ko ni ɗansa ne. Na ce a'a. Ko ɗan'uwansa na jini. Na ce a'a. Ya buɗe hannuwa ya ce, “To malam, a takarda kai ba kowansa ba ne.” Sannan ya ce akwai gidan kula da tsofaffi a bayan gari, za a iya sa sunansa a layin jira. Na gode masa na fito. Da nake saukowa, wani da ke zaune a benci, ba ma'aikaci ba ne, ya ce da na kusa da shi, da ƙarfin da zan ji, wai baƙi sun fi 'yan gari ƙorafi, in bai yi musu ba ga hanya nan su koma gida.

Ina so in amsa masa a nan, ko yana zauren ko ba ya nan. Wane gida? Mahaifiyata ta rasu ina hawa na huɗu da injin wanki a bayana, a waya aka gaya mini, na kai injin inda za shi sannan na zauna a matakala. Ƙannena da na baro suna rarrafe, yau in mun yi waya sai sun tambayi wane ne. Ƙarfina duk a benayen garin nan na zubar da shi, gwiwoyina a nan suka ƙare. Ba na neman a ce mini ɗan gari. Amma wanda ya ɗauki garin nan a kafaɗarsa shekara ashirin da shida yana da bakin magana a kan yadda za a juya shi, kuma zan yi.

Ga abin da muke nema, ba shi da yawa. A bar gidajen da suka dogara da juna su shiga ƙuri'a da takarda ɗaya, inda ta faɗa su tafi tare, ko gabas ko yamma, ba mu zaɓa ba. Ba mu kaɗai ba ne: na zaga layin ƙofa ƙofa, na sami irinmu goma sha huɗu, akwai makauniyar da 'yar maƙwabta ke yi wa cefane, akwai mai aikin asibiti da ke bar wa maƙwabciyarta 'ya'yanta in ta tafi aiki. Sannan duk wanda ba ya iya taka matakala a ba shi ɗakin ƙasa kafin a jefa ƙuri'ar kowa. Sannan maganar dawowa a rubuta ta da sunan kowane gida, da lambar ƙofar da zai dawo, da hayar da zai iya, a sa hannu a ba kowa tasa ya riƙe. Alkawarin baki mun ga ƙarshensa a bayan tasha.

Yanzu sai abin da 'yan'uwana suka aiko ni in faɗa. Kamfanin gini ya ba ƙungiyarmu aikin kwashe layin nan, gida ɗari da arba'in. Aiki ne babba, irin wanda muke shekara ba mu samu ba, kuma a cikinmu akwai wanda matarsa ke gab da haihuwa. Mun zauna jiya da rana a garejinmu, mun yi gardama har murya ta dushe. Mutum huɗu sun ce a karɓa, kuma ban zarge su ba. Sauran suka ce a'a, huɗun suka bi. Don haka, mai girma shugaba, ba za mu ɗaga ko cokali ɗaya daga layin nan ba sai an gyara rabon. Na san za a iya ɗauko wasu daga wani gari, akwai masu mota ko'ina, akwai masu yunwa ko'ina. Ba za mu tare musu hanya ba, ba za mu taɓa kowa ba, mu ba 'yan tarzoma ba ne. Za mu tsaya a bakin layi da hannuwanmu a aljihu, mu talatin da ɗaya, mu kalla. Kuma duk wanda ya tambaye mu dalili, za mu gaya masa.

Malama, kin ce birni abu ne mai rai, dole ya canja ko ya mutu. Na yarda da ke. Ki canja shi. Ki rushe bangonmu, ki faɗaɗa titi, ki dasa itatuwanki, wallahi zan zo in taya ki ban ruwa. Amma abin da ke tsakanin ƙofofin nan huɗu ba kamfani ne ya gina shi ba, shekaru ne suka gina shi, kuma in kika rushe shi ba ki da injiniyan da zai mayar.

Saura magana ɗaya in zauna. Mun ɓoye wa Baba sakamakon ƙuri'ar har sati biyu. Yau da safe na gaya masa, domin bai kamata a yi taro a kan mutum shi bai sani ba. Ya ce in ɗauko masa rigarsa mai kyau, zai zo. Direba ya kawo shi. Ranka ya daɗe, wannan zauren a sama yake, matakala ashirin da biyu, na ƙirga, kuma babu hanyar keken marasa lafiya. Na sunkuya zan goya shi, abin da ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba, sai ya dafa ni da hannunsa mai lafiya ya ce, “Kai dai, ƙyale ni a nan. Kullum mu ake ɗauka a kai musu. Yau su sauko.”

Yana nan ƙasa a bakin ƙofa tun hantsi, tela na riƙe masa lema. Duk hukuncin da majalisa ta yanke, ba ni zan kai masa ba. Hanyar fita ɗaya ce daga ginin nan, kuma ta gabansa ta bi. Wanda ya ɗaga hannu a bar ƙuri'ar yadda take, ya tsaya ya gaya masa da bakinsa. Yana ji sarai, amsarsa ce kawai take ɗaukar lokaci, sai ku ɗan jira shi.

Allah ya ba shugabannin wannan birni basirar gani da ƙarfin halin gyara abin da suka gani. Allah ya sa wa malama da abokan aikinta albarka a iliminsu, ya sa abin da za su gina ya amfani wanda ya zo da wanda aka tarar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya rufa wa 'yan'uwana asiri a kwanakin da motocinsu za su tsaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu suna jiran a dawo da su, ya jiƙan iyayenmu da muka kasa zuwa binnewa. Allah ya mai da kowa ɗakinsa lafiya, ya bar shi kusa da wanda zai ji bugun sandarsa.

Na gode.